Ba Haka Ake Mutuwa Ba

Tun hantsi ake ta kashe Malam Yusha'u a wani gidan aro da ke Unguwar Sarki, amma har la'asar sakaliya bai mutu yadda darakta Ɗayyabu yake buƙata ba. Mai gidan kuwa ya riga ya gindaya sharaɗi cewa da kiran sallar magariba kowa ya kwashe komatsansa.

Mutuwar fim, kamar yadda duk ma'abocin ilimin abin ya sani, tana da ƙa'ida. Wajibi ne dattijo ya yi tari, ya bar wasiyya cikin tsararriyar Hausa, ya yi kalmar shahada, sa'an nan ya karkatar da kai wajen kyamara. Malam Yusha'u ya tsufa yana wannan aiki ba tare da kuskure ba, amma yau gumi kawai yake yi, kalmomin suna kuɓuce masa.

Umaima, sabuwar 'yar wasan da ke fitowa a matsayin nas, ta roƙi a ba shi hutu, ta ce bai ko karya kumallo ba. Ɗayyabu ya nuna mata inda rana ta kai. Ya kuma sake karanta mata dokar sana'a, cewa mace ba ta taɓa namijin da ba muharraminta ba, ko da yana shure-shuren mutuwa. Ya ce ta tsaya nesa ta yi salati, in ba haka ba masu tace finafinai su datse wurin.

Aka sake kunna fitilu. Malam Yusha'u ya soma wasiyyar, ya tsaya a tsakiyar magana. Babu tari, babu karkatar da kai. Hannunsa ya zame daga gado, gefen bakinsa ya ɗan karkace.

"Haba Malam," in ji Ɗayyabu cikin gajiya, "ba haka ake mutuwa ba. Wa zai yarda da wannan?"

Umaima ta yar da allurar ƙaryar da ke hannunta, ta tallafo kan dattijon ta ɗora a cinyarta, tana laluben aljihunsa na hagu. Nan kuwa maganinsa yake.

Ɗayyabu ya dafe kai, ya ce ta lalata masa wahalar yini, ya tambaye ta da wane hurumi ta taɓa dattijon a gaban kyamara.

Ba ta ɗago ba.

"Ku kawo mota," ta ce. "Mahaifina ne."