Wa'adin Injin Narvik

Karo na uku ke nan da binciken ya mutu a gaban Eilif, mai gyaran kwamfuta. Alamar jira ta yi ta juyawa a allon kwamfuta, can injin wasiƙun ya ce wa'adi ya ƙare, ya yanke.

Gunvor, shugabar gidan da ake ɓoye matan da suka gudo daga dukan maza a Narvik, tana tsaye a kansa. Kofin da ke hannunta ya daɗe da hucewa.

"Kai gwani, ba kallon fankar nan na kira ka ka yi ba. Yau da safe aka sako Steinar daga kurkuku. Ko dai mu riga shi isa wajen Torunn, ko mu je jana'iza."

Torunn a gidan nan ta yi aiki, tana tarbar matan wasu, har ranar da ita ma ta baro gidan mijinta Steinar da rigar jikinta kaɗai. Ta sauya gari, ta sauya waya. Inda ta koma, a imel ɗaya ta faɗa, kuma yana binne cikin akwatin da duk ma'aikata ke buɗewa, ƙarƙashin wasiƙun shekara da shekaru. Ma'aikaciyar da ta karanta shi ta tafi hutun Ista a bukkarta ta kan dutse, inda waya ba ta kamawa. Rabin garin ma can ya tafi da katakon zamiyar ƙanƙara.

"Ranki ya daɗe, fihirisar ce ta ruɓe," in ji Eilif. "In aka nemi kalma, sai injin ya bi wasiƙa ɗaya bayan ɗaya. Kafin ya kai tsakiya lokacin da aka ɗibar masa ya cika."

"To ƙara masa lokacin mana. Gadon ubanka ne kake tattali?"

Eilif ya koma kan allon. Ya sa injin ya fara gina sabuwar fihirisa, ya ga abin na tafiyar hawainiya. Da ya duba, sai ya tarar akwai wani binciken da ke cin ƙarfin injin: ya tashi, ya mutu, ya sake tashi, ba hutu. Eilif ya yi tsaki. Ma'aikata kenan, kowa ya bar kwamfutarsa a kunne ya hau dutse.

Hanya biyu ce a gabansa. Ko ya tsawaita wa'adin Gunvor ita kaɗai, wanda sai ya tono saitin da ya daɗe bai taɓa ba, ko ya sauya layi ɗaya kowa ya samu ƙarin lokacin. Duk mai gyaran inji ya san wadda ta fi tsabta, duk kuma ya san wadda ake ɗauka in ana hura wa mutum wuta a ƙeya. Ya sauya layin, ya tayar da injin.

Suka rubuta sunan Torunn. Alamar ta juya, ta wuce inda take mutuwa, ta ci gaba. Gunvor ta ajiye kofin. A waje ƙanƙara na zuba a kan motar da ta bari a kunne.

Wasiƙar ta fito. Wani ƙauyen masunta ne, tafiyar rabin yini, da lambar waya a ƙasa. Gunvor ta danna lambar, ta kara a kunne.

"Ka ci albarkacin yau, gwani. Da na sa an sayar da kai da injin."

Eilif ya yi murmushi, ya koma zai mayar da wa'adin yadda yake. A nan ya lura injin ya yi shiru. Binciken nan mai naci ya daina tashi. Bai mutu ba wannan karon, ya kammala ne, ya ma riga nasu.

Ya buɗe ya ga na wane ne. Ya juyo wajen Gunvor.

"Ranki ya daɗe, da Torunn ta bar aiki, wa ya rufe mata akawun ɗinta?"

Gunvor ta sauke wayar, tana ta ringi ba a ɗauka ba.

Da akawun ɗin Torunn aka yi binciken, daga kwamfutar da ta bari a ɗakin Steinar.