Alhamis Babu Mai Raɗa

Tun da malaman firamare suka dawo daga bitar kimiyya aka kafa doka: kowace Alhamis sai an cire mai raɗa, 'yar na'urar kunnen da ke faɗa wa malami amsar duk tambayar da yaro ya yi. Malama Lantana ta jefa tata cikin kwanon da ke ofishin hedimasta, ta wuce aji uku kunnenta sakayau.

Ko zama ba ta yi ba, wata ɗaliba, Ladidi, ta ɗaga hannu. "Malama, me ya sa ruwan randa ya fi na bokiti sanyi?"

Hannun Malama ya kai kunne, ya tarar ba komai.

"Ban sani ba," ta ce.

Yara suka zuba mata ido. Ba su taɓa jin babba ya faɗi haka ba.

"To, kallon me kuke mini? Ku tashi mu je mu tambayi randar."

Suka je wajen randar da ke bakin ƙofar ofishin hedimasta, suka shafa jikinta suka ji danshi, bokiti kuwa a bushe. Ta sa kowa ya jiƙa bayan hannunsa ya hura. Ihu ya kaure: "Sanyi, Malama! Wallahi sanyi!"

"Ashe randa gumi take yi," in ji Ladidi.

Malama ta yi dariyar da rabonta da ita a aji har ta manta.

Da aka tashi, ta koma ofis ta ɗauko mai raɗa daga kwano, ta mayar kunne tana 'yar waƙarta.

"Sannu da aiki, Malama," in ji muryar mai raɗa. "Gumin randar nan ya burge ni."