Gutsuren Burodi Goma Sha Biyu

Wata uku Kafinta ya yi yana yaƙi da ɓerayen gidansa, kuma ko sau ɗaya bai yi galaba ba. Mutumin da ke yi wa rabin unguwa ƙofofi da kabad, amma ƙasan ƙofar kicin ɗinsa ya cinye har hannu na iya wucewa. Matarsa ta yi magana har bakinta ya gaji. Kullum amsar ɗaya ce, wai sai ya samu sarari.

Tarko kam ya gwada iri-iri. Na farko ya kama ɓera ɗaya, daga nan ko ƙuda bai sake kamawa ba. Sai a wayi gari an cinye kifin tas, tarkon yana nan a ɗane. Ya kawo na gam, suka yi ta watsa masa ƙasa da tarkace har ya daina kamawa, suka mai da shi hanyar wucewa.

Abin da ya fi tayar wa matar hankali shi ne sun daina gudu. Da rana tsaka tana wanke-wanke sai ta ji a jikinta ana kallonta. In ta ɗaga kai, ga wani ƙato a bakin hujin silin, ya zuba mata ido, ko gashin bakinsa ba ya motsi. Duk inda ta ajiye abu yana bin hannunta da kallo. Tsoro take ji sosai, ta kuma faɗa wa mijin haka.

Ta roƙe shi ya liƙe ramukan da siminti, ya gyara ƙofar, ya sayo robobi masu murfi. Ya yi dariya ya ce ita dai da tsoron tsiya, in ɓera na da wayo ai shi ya riga shi zuwa duniya. Washegari ya dawo da wani garin maganin ɓera a ƙulle cikin leda, ba suna ba takarda, wanda ya saya wurin mai talla a bakin kasuwa.

Matar ta ce sam ba a gidanta ba. Suna da 'ya mai shekara biyu, ana ce mata Tsigi saboda ƙanƙantarta, kuma duk abin da hannunta ya taɓa bakinta yake nufa.

Kada mai karatu ya ɗauka Kafinta bai damu da 'yarsa ba. Yana sonta kamar ransa. Ya ɗauko tef ya auna bango, ya buga 'yar kanta can sama, inda matar ma sai ta taka kujera za ta kai. Ya gutsuttsura burodi, ya barbaɗa garin da sukari, ya jera gutsure goma sha biyu. Ya ƙirga su sau biyu, ya wanke hannunsa da sabulu.

Da safe kantar fayau. Ranar duk wanda ya shiga shagonsa sai da ya sha labari.

Matar ce kaɗai ba ta yi murna ba. "Baban Tsigi, to ina gawarwakin?"

Ya ce sun mutu a ramukansu mana, ko so take su zo su yi mata sallama?

Kwana huɗu gidan ya yi tsit. Ba guje-guje a silin, ba ƙarar gwaguya a bayan kabad. Ta riƙa bin lungu-lungu tana shinshinawa, domin ta san mataccen ɓera ba ya ɓoyuwa. Ko ɗan wari babu. Shirun nan ya fi hayaniyar ba ta tsoro.

Rana ta biyar da hantsi tana shanya a tsakar gida, sai ta lura ta daɗe ba ta ji muryar Tsigi ba. Ta leƙa falo. Ga yarinyar zaune a bayan doguwar kujera, ta cusa hannu cikin wata yagewa a ƙasan kushin, kumatunta cike, sukari a leɓenta. Ta ɗago ta yi wa uwar murmushi.

"Mama, daɗi."

Uwar ta sure ta, ta aika a kira Kafinta daga shago. Kafin su samu abin hawa jikin yarinyar ya fara karkarwa, kumfa na fita ta bakinta. A asibiti likita ya yi ta tambayar sunan maganin domin ya san abin da zai ba ta. Kafinta ya miƙa masa ledar da ba ta da ko harafi ɗaya. Ma'aikatan asibitin sun yi iya ƙoƙarinsu. Kafin rana ta faɗi Tsigi ta cika.

Bayan an dawo daga binne ta, ya shiga falo shi kaɗai ya kifar da kujerar, ya yage ƙasanta da hannu. Sheƙa ce a ciki, an shimfiɗe ta da tsummoki da yagaggun takardu. A gefe guda ga gutsuren burodinsa an tara su wuri ɗaya, ko alamar haƙori babu a jiki. Ɓerayen ba su ci ba. Sun dai sauko da su ɗaya bayan ɗaya, sun ajiye daidai inda hannun yarinya ke kaiwa.

Bakwai ya ƙirga. Ya durƙusa a wurin yana kuka kamar ƙaramin yaro. Har yau bai sani ba ko sauran biyar ɗin duk ita ta ci, ko akwai waɗanda ke ajiye a wani lungun gidan.

Jama'a, ɓera ba ya cin duk abin da ya ɗauka, kwashewa yake ya kai inda ba ku zata ba. Ku toshe ramuka, ku rufe abinci, ku kwashe shara, kuma kada ku baza guba a gidan da akwai yaro, komai nisan inda kuka ɗora ta.