Ranar da Malam Ɗayyabu Ya Cire Abin Kunnensa

Tun da aka hana malamai koyarwa sai da na'urar kunne, na cire jikata Kuluwa daga makaranta. Na ɗauko Malam Ɗayyabu yana koya mata a zaurena.

Ko gaishe shi na yi, sai ya saurari kunnensa kafin ya amsa.

Yau na ce, "Malam, cire abin nan. Dubi yarinya ka koya mata da bakinka."

Ya cire. Ya daɗe yana kallon allo, gumi na zubo masa.

"Baba, ni ma da shi aka koya mini."

Na kira Kuluwa. Babu komai a kunnenta, amma sai da ta karkata kai ta jira kamar mai sauraron na'urar, sannan ta ce, "Na'am."