Ranar da Teku Ta Dawo Ba Hadari

Malam Hashimu, ka ce an yi maka canjin wurin aiki, kuma ba ka buƙatar kowa ya nuna maka komai a can, wai shekara ashirin kana wannan aikin. To gyara zama in ba ka misali.

Wasu mutum goma sha biyu ne 'yan ƙungiyar hawan keke, duk Asabar suna zaga gari da sanyin safiya. Shekara guda suna shiri, har Allah ya nufa suka tafi hutu wani tsibiri a tsakiyar teku, kowa da kekensa. Shugabansu mai lambu ne, haifaffen bakin kogi, in ya taka keke sai dai a hango ƙurarsa. Na ƙarshen layi kuwa wani tela ne mai ciwon gwiwa, mai shegen tambaya, wanda ko rijiya ya gani sai ya ji wa ya haƙa ta. Mai lambu ne ya lallashe shi ya zo. Ranar tafiya matar tela ta yi magana daga bayan ƙofar zaure, ta ce, "Ga amana nan, yadda ka ɗauke shi haka za ka dawo min da shi." Mai lambu ya bugi ƙirji ya ce ya karɓa.

Kwana biyun farko murna kamar ta kashe su. Ka ga dattawa da furfura suna sakin hannu a gangara, suna kaɗa ƙararrawa ba dalili, iska tana kawo musu ƙanshin kanumfari. In sun gaji su zube a gindin kwakwa, a fasa musu su sha, a kawo gasasshen kifi. Rana ta uku da hantsi suka iso gaɓa, suka tarar teku ta ja da baya nesa, ta bar farin yashi mai tauri shimfiɗe har zuwa wani ƙaramin tsibiri. Mai lambu ya gwada, taya ba ta nutsewa. Nan take aka ce tsere, wanda ya zo na ƙarshe shi zai wanke kekuna.

Tela dai bai hau ba. Ya je wurin wata tsohuwa mai shanyar kifi, ba ya jin yarenta, ita ma ba ta jin nasa, ya nuna mata yashin ya buɗe hannuwa. Ta kai shi gaban wani dogon turke da ake ɗaure kwalekwale, ta nuna masa inda gansakuka ta tsaya, sannan ta nuna sama, daidai inda rana take kaiwa da la'asar. Idon tela ba ya kuskuren awo: shaidar ruwan nan ta ɗara kansa. Ya koma ya faɗa wa mai lambu.

Mai lambu ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Haba Malam, ɗaga kai ka dubi sama. Ka taɓa ganin kogi ya kawo ruwa ba hadari? Mu da muke shuka dankali a tsakiyar kogi wata biyar cur." Sauran duk suka gyaɗa kai, don ruwan da suka sani ke nan: in ya tafi, sai damina. Tela bai yi musu ba. Ya sake komawa ya tambayi tsohuwa da hannu ko wane ne mai kwalekwalen, ta kira mijinta, wani masunci. Tela ya nuna masa ƙaramin tsibirin, ya ɗaga yatsu goma ya ƙara biyu. Sannan ya bi sahun 'yan'uwansa, ya isa na ƙarshe, aka yi ta tsokanarsa.

Suka ci abinci, suka yi azahar, barci ya kwashe su a inuwa. Da suka farka sama garau take, ko ɗigon girgije babu, amma ruwa ya fara lasar hanya ta dama da hagu. Suka hau a guje. Kafin su kai rabi ruwa ya taɓa sarƙar keke, yashin da ke da tauri ya koma kamar kunu. Mai lambu ya waiwaya ya hango tela can baya, gwiwa ta ƙi. Maganar matar tela ta faɗo masa. Ya yar da kekensa, ya koma ya goya tela. Ruwa ya kai ƙugu, ya kai ƙirji, igiyar ruwa tana marinsa da gishiri a ido. Ɗan bakin kogi ya tsorata, tsoro na gaske, yana ta salati yana cewa, "Malam, ka yafe ni, na ci amana."

Tela daga bayansa ya ce, "Daure kaɗan, dubi gabas." Ga masunci da maƙwabcinsa tafe da kwalekwale biyu, tun ɗazu suna zaune suna jiran lokaci. Aka tsamo su goma sha biyu cif, keke uku ne kawai teku ta ci.

Ranar da suka dawo gida, mai lambu ya tsaya a ƙofar zauren nan kansa a ƙasa. Ya ce, "Hajiya, ban dawo miki da amana ba, amanarki ce ta dawo da ni."

To Malam Hashimu, kogin garinku ka sani, ba tekun mutane ba. In ka sauka, kafin ka hau kekenka ka nemi tsohuwar da ke bakin turke. Hausawa dai sun riga sun gama magana: matambayi ba ya ɓata.