Hawa Uku da Kwandon Wanki

Ka taɓa hawa bene da kwandon jiƙaƙƙen wanki a ka, ƙasusuwan ƙugunka suna gogar juna kamar dutsen niƙa? Amarya takan hau sau tara a yini, da cikin wata bakwai.

Amarya ake ce mata a wurin aiki, ko da yake shekararta huɗu a ɗakin miji. Ɗakin wanki yana can ƙasa, ba taga. Igiyoyin shanya kuwa suna saman rufi, hawa uku. Akwai lif mai kai mutane sama, amma an manna masa takarda: ba na ƙananan ma'aikata ba ne.

Zannuwan gadon farare ne, sai dai ba farare suke sauko mata ba. Wasu sai ta toshe hanci da gefen ɗankwali kafin ta warware su, ta kankare abin da ya daskare a jikinsu da bayan cokali. Wannan ta saba da shi. Matakalar ce ta fi ƙarfinta.

Tun wata na biyar ciwon ya kama ta. Da ta ɗaga ƙafa ɗaya, sai ta ji kamar an sa gatari ana faskara mararta. Ta koyi ɗaure ƙugu tamau da tsohon zane a ƙarƙashin rigar aiki. Ta koyi hawa a karkace, ƙafa biyu a kan kowace matakala, kamar mai koyon tafiya. Sau biyu ƙafarta ta ƙi ɗauka, ta rungume ƙarfen bene, kwandon ya gangara. A irin wannan wata ta rasa cikin fari. Mijinta kuma rabin shekara ke nan yana yawon neman aiki, aikin nan nata ne ke ɗora tukunya.

Ba hutu ta roƙa ba. Cewa ta yi a mayar da ita ninkin zannuwa, wanda a zaune ake yi.

Shugabar sashen, wadda suke kira Madam Agogo don ko banɗaki ka shiga sai ta ƙirga maka minti, ta dube ta sama da ƙasa.

"Kanki farau a ciki? Shida na haifa, na ƙarshe a bakin aiki naƙuda ta same ni. Oga ya ce ba takardar likita, ba magana."

Da Madam ta fita, Inna mai guga ta tofar da yawu a kwata. "Shida ta haifa, amma tausayi ko ɗaya bai zo mata ba. 'Yar nan, mutanen nan ba sa jin kukan mutum, sai na takarda. Talata ranar awo ce. Cire rigar aiki, sa hijabinki, ki bi layi kamar kowa."

Haka ta yi. Ta yanki kati, aka ba ta lamba arba'in da uku. Da ta shiga, kan likita yana kan tebur, yana rubutu.

"Ina ke ciwo?"

Ta faɗa.

"Wane aiki kike yi?"

"Wanki, likita. Da hawa bene."

Ya ja tsaki, har yanzu bai ɗago ba. "Wane marar imani ne zai sa mai cikin wata bakwai hawa bene da kaya? Mutane ba sa tsoron Allah." Ya rubuta cewa a daina sa ta ɗaukar nauyi da hawa matakala, ya sa hannu, ya turo mata takardar. "Kai wa mai gidan aikinki. Ta gaba!"

Ta koma bakin baho tun ruwan da ta jiƙa zannuwa bai huce ba.

Bayan la'asar Madam Agogo ta raka ta ofishin Oga, hawa na biyu. Ya tuɓe takalma, ya miƙe ƙafafu a kan kujera, waya a kunne, cinyar kaza a hannu. Warin safa da na maiƙo sun cika ɗakin.

"Ranka ya daɗe, mai wankin nan ce. Wai ta samo takardar likita."

Ya karɓa da yatsu biyu masu maiƙo, ya kifa ta a kan tebur bai karanta ba.

"Takarda! Yanzu kowane ɗan iska ya rataya farar riga sai ya rubuta wa malalata takarda. Na san irinsu."

"Ranka ya daɗe, da ka duba wanda ya..."

"Ke za ki koya min karatu?" Ya zaro tsokar da ta maƙale masa a haƙori, ya dube ta, ya mayar baki. "Nan wurin aiki ne, ba ɗakin reno ba. Wadda ba ta iya hawa, akwai goma a bakin ƙofa masu iyawa."

Bai ma nemi sabuwar takarda ba. A bayan tata ya rubuta sallama, layi biyu, ya sa hannu, ya goge ɗan yatsansa a gefe, ya miƙa mata.

Ta sauko a karkace, ƙafa biyu a kan kowace matakala. Ta ajiye rigar aiki. Inna ta riƙe ta har bakin ƙofa tana Allah ya isa, suka ratsa ta gaban benci-bencin da mata masu ciki suka cika da safe, suka fita ta ƙarƙashin ƙaton allon asibitin haihuwar, mai hoton uwa tana murmushi.

Amarya tana nan tana neman aikin da za ta yi a zaune. In ta ƙwanƙwasa maka ƙofa, mai karatu, don Allah kada ka sallame ta sai ka ɗago kai ka dube ta, ka karɓi takardar nan mai tabon maiƙo ka karanta gaba da baya: mutum ɗaya ne ya sa wa duka biyun hannu.