Tawadar da Ba Ta Sheƙi

An yi wani mutum da ya shekara goma sha ɗaya a kudu, yana aiki a gidan buga takardun naɗe kaya. A can ya ga yadda tawadar da ake haɗawa da sinadaran fetur take cin hannun ma'aikata, take ƙone ciyawar bakin kwata. Da ya dawo gida sai ya tarar iyayensa sun kwanta dama, sa'o'insa kowa ya kama gabansa, har maƙwabta na yi masa sannu da zuwa irin ta baƙo. Ya kafa 'yar na'urarsa ta buga takardu a tsohon zauren mahaifinsa, ya ce shi kam tawadarsa daga daji da gona za ta fito: ƙaro, jan karan dafi, da shuni. To, ita irin wannan tawada ba ta sheƙi, kuma sai takarda ta wuni a igiya kafin ta bushe. Masu kilishi suka leƙo, suka jujjuya takardar, ɗaya ya ce, "Malam, wannan ai tun ba a saya ba ta koɗe." Suka wuce wurin mai ƙyalli. Haka ya yi damina da rani, ba mai sallama a zauren sai iska, ita ce ke kaɗa takardun a igiya kamar shanyar gidan da ba kowa. Abinci ma a tsaye yake ci, don ba wanda zai ce wa bismillah.

Da abin ya ishe shi, ya ɗaure jaka zai koma inda ya fito. Ragowar takardun ya kwasa ya ba wani tsohon mahauci da ba ya ko iya sayen na kanti, ya ce ya ƙulle kilishi da su, kyauta. A makon ne mahautan garin suka haɗa kaya mota guda zuwa nesa. Rana ta dake su a hanya, maiƙon kilishin ya narkar da tawadar nan mai ƙyalli, nama ya fito shuɗi-shuɗi yana warin kananzir. Aka dawo da shi duka, ban da na tsohon, don mai ba ya narkar da ƙaro.

Ranar tafiya, mutumin na zaune a tasha da jaka a cinya, sai ya ji an ƙwala masa kira da sunan da rabonsa da jin sa tun mahaifiyarsa na da rai. Tsohon ne, yana haki, mahauta shida a bayansa.

"Ina kuma za ka, ɗan nan? Taso ka buɗe mana zauren ubanka."

Sai ya sauke jakar. Shi ya sa Hausawa ke cewa, alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.